Labulen raga a zaure mai gajeren rufi: yaya zan rataya shi, in kuma kawar da shi a tsakiyar wasa?

Uwar Wasa, Yamai

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa aikin dandamali, ko tela, ko mai walda.

Ina riƙe da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a nan Yamai, rabinsu 'yan lise, sauran ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni. Muna shirin wasa a hutun Disamba. A cikin wasan akwai yarinyar da kakarta marigayiya ke zuwar mata a mafarki, ni kuma ba na son kakar nan ta shigo ta ƙofa tana dogara sanda kamar mai zuwa aron gishiri. So nake ta bayyana a hankali daga cikin duhu, ta yi maganarta, ta ɓace. Na san labulen raga ke yin wannan aiki, wanda masu fitilu ke ce wa tul: a haska gabansa ya zama bango, a haska bayansa a ga abin da ke ciki.

Damuwata zauren ne. Rufin kwano ne, ba silin. Daga dandamali zuwa ƙarfen rufi mita 3.70 kawai, bakin dandamalin da 'yan kallo ke gani kuma tsawonsa mita 3.10, faɗinsa mita 7. Bango zuwa bango mita 9, ke nan kowane gefe akwai ragowar mita 1 inda yara ke laɓewa kafin su fito. Babu inda zan ja labule sama ya ɓuya.

Ina bukatarsa a fitowa ta biyu da ta ƙarshe. Tsakaninsu akwai fitowar kasuwa, mutum 15 a kan dandamali da tireloli da buhuna, dole filin ya buɗe gaba ɗaya. Wato ya shigo, ya fita, ya sake shigowa, a gaban mutane, ba tare da an hau tsani ba.

Abin da ke hannuna: fitilun alojen 4 masu wat 500, ƙananan LED 6 na aro, da jika 60 da za mu iya kashewa kan labule da ratayarsa. Wani yaro ya ce mu haɗa sange uku mu ɗinke. Ni abin da ya zo mini shi ne a nannaɗe shi a tiyon roba a ja shi sama. Wace hanya ta fi?

Tsohon Mai Fitila, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da ƙoƙari. Tun zamanin ƙungiyoyin matasa na Samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché, nike bin dandamali da fitila da igiya, kuma kusan duk inda munka yi wasa irin zauren naki ne, ko ma fili ba rufi. Kada ki ga kamar ke kaɗai anka hana sama. Gidan wasan da ake jan labule sama ya ɓuya ɗungum, sai rufinsa ya kai ninki biyu da rabi na tsawon bakin dandamali. Naki mai 3.10 sai ya samu wajen mita 8. Mu bar wannan.

Hanyar da ake ninke labule gida biyu, a ɗaga ƙasansa ya sadu da samansa, ita ma ki cire ta. Rabin tsawonsa zai rage yana reto, mita ɗaya da rabi, ke kuma santimita 60 gare ki.

Naɗin da kike tunani shina yiwuwa, tsohuwar dabara ce. Saman labulen a ɗaure yake ba ya motsi, bututun na ƙasa, an manne ƙasan labulen gare shi. Bututun ya fi labulen tsawo da santimita 40 kowane gefe, nan ake nannaɗa igiya. Igiyoyin biyu su hau puli a sama, su haɗu gefe guda. Kina ja, igiya na warwarewa, bututu na juyawa shina hawa shina cinye labule. Tiyo mai kaurin santimita 11, juyi 9 ke cinye mita 3, don haka a nannaɗa igiya sau 11 ko 12 kada ta ƙare a hanya. Kuma duk mita ɗaya da bututu zai hau, mai ja sai ya jawo mita biyu.

To amma ban ba ki shawarar shi ba. Wanga naɗi an yi shi ne don labule mai kauri, mai zane, wanda ba ya miƙewa. Raga miƙewa take. Gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya ja, sai naɗin ya karkace, labulen ya yi ta tahiya gefe har ya hau kan igiya ya cije. Ga tiyo da ake saidawa mita 6, ke kina son kusan 8, sai an yi haɗi, kuma wurin haɗin nan ne zai yi ciki. Da zafin kwano a sama, roba na daɗa laushi. Ranar gwaji zai yi miki biyayya, ranar wasa ya tsaya rabin hanya, kakar na tsaye a baya ana kallon ƙafafunta.

Ja shi gefe. Mita ɗayan da kike da ita ta ishe ki, raga in an tattara ta ba ta cin fiye da santimita 60. Kuma gefe guda za a ja shi duka, kada ki raba shi biyu su haɗu a tsakiya, don inda raga ta hau raga wani zane mai rawa ke fitowa, ido ya tsaya can. Kada ki sa igiyar ja. Ki ba ɗaya cikin 'yan wasanki, ya kama bakin labulen ya tahi da shi, da tahiyar da kunka gwada, cikin kiɗa. A wasan Kabuki na Japan, babban labulensu har gobe mutum ke jansa da hannu daga gefe zuwa gefe, ba wanda ya ce sun gaza. Su ne kuma masu dabarar sakin labule ya faɗo ƙasa lokaci guda: a rataya shi kan 'yan ƙusoshi da ke jikin bututu, a murɗa bututun, ya zube. Kyakkyawan abu ne, sai dai sau ɗaya yake, ba ya komawa sai da tsani. Da fitarsa kawai kike so, da shi zan ce.

Ni waya nike ɗaurawa bango zuwa bango, da zobba.

Yanzu abin da ya fi rataya muhimmanci, wanda ba ki tambaya ba. Labulen raga ba ya ɓoye komi da kansa, duhun bayansa ke ɓoyewa. In bangon baya fari ne, ki rufe shi da baƙin yadi. In akwai taga, ko ratar da ke tsakanin bango da kwano, a toshe. Wasan la'asar ki manta da shi, sai bayan magariba. Fitilar gaba kada ta dube shi ido da ido, haske zai ratsa ramukan ya faɗa kan kakar tun ba ki kira ta ba. Daga sama za ta zo, kusa da shi, ta gangaro tana shafar jikinsa. Wancan shafi kuwa shi ke tona kowace tattara, shi ya sa miƙewar labule ba ado ba ce. Kakar ta tsaya aƙalla mita ɗaya bayansa, a haska ta daga gefe da gefe, hasken ya taɓa ta kada ya taɓa ragar. Da bayyana: a fara ɗaga hasken baya a hankali, sannan a rage na gaba. Da ɓacewa a juya. In anka kashe na gaba tukuna, kin samu duhu ne da kunna fitila, kowa na da wannan a ɗakinsa.

Alojen ɗinki ki ajiye su gaba can nesa, don fitowar kasuwa. LED za ki sa kusa da labule.

Mai Walda, Katako

Baba, a gafarce ni, duk na yarda ban da waya. Yaya, kafin ki huda bangon mutane ki ji lissafin.

Labulenki da sarƙar ƙasansa a ce kilo 6. Faɗi mita 9. In kina son wayar kada ta yi ciki fiye da santimita 3 a tsakiya, sai an ɗaure ta da ƙarfin da ya kai kilo 225, kuma kowane bango shi zai riƙe wannan. Lissafin: nauyi sau faɗi, a raba da takwas sau cikin da aka yarda da shi. Kika ce santimita ɗaya da rabi kike so, ƙarfin ya ninka. Bulon siminti mai rami ba ya riƙe ƙugiya da irin wannan ja, a hankali za ta yi ta cin wurin har ta fito. Bangon laka kuwa ba a ma magana. In dole sai waya, to ƙarfe mai zare ya ratsa bangon ya fita waje, a sa masa farantin ƙarfe a ɗaure, da abin ƙara ɗauri a gefe guda, da maƙalai uku a kowane baki. Kuma duk da haka tsakiya sai ta sauka, ƙasan labulen ya share dandamali a tsakiya ya ɗage a gefe.

Bututu da zobba ma akwai matsala. Mita 8 ba ya tsayuwa da baki biyu, sai an riƙe shi a tsakiya, zobe kuma ba ya wuce wurin riƙon.

Abin da ya dace rel ne, mai buɗaɗɗen ciki ta ƙasa, 'yan tayoyi na gudu a ciki. Shi ta bayansa ake riƙe shi, ko sau goma, tayoyin ba ruwansu. Labulenki ba nauyi, rel ɗin rido na alminiyom mai kauri ya isa, ba sai na ƙofa ba. A ɗaure shi jikin katako madaidaici, katakon a rataye shi a ƙarfen rufi kowace mita. Mita 8 za ki saya, 7 na bakin dandamali, ɗaya na maɓoya. Wurin haɗin rel biyu a goge shi da kyau, a gwada taya ta wuce sau da yawa kafin a hau da shi sama, don nan kaɗai yake cijewa. Kada a sa masa mai ko giris. Hunturu ne, ƙura za ta kwanta a kai ta zama taɓo. Busasshen tsumma da ɗan kyandir sun isa.

Ki duba mini abu ɗaya: ƙarafan rufin, bango zuwa bango suka ratsa, ko daga gaba zuwa baya?

Telan Rido, Wadata

Hajiya, sangen nan a bar shi. Wanda ake rabawa a likita da magani a jikinsa, na kashe sauro ne, ba a yi shi don yara su yi ta cuɗa shi da hannu cikin zufa ba, kuma a gida ya fi amfani. Ban da haka in kin farke uku kin haɗa, ɗinki zai ratsa ko'ina. Duk haɗin da aka yi a raga, da an haska baya zai fito baƙin layi tsaye a gaban fuskar kakar.

Tul na ainihi da ake saƙa wa gidajen wasa na auduga ne, faɗinsa na kai mita 9 har fiye, don kada a yi haɗi. Jika 60 ba za ta kawo shi daga waje ba. Ga dabararmu ta masu rido: akwai yadin labule shara-shara mai faɗin mita 2.80 zuwa 3. Ki kwantar da shi, faɗin ya zama tsawo, ki yanki mita 7 da rabi a jere. Ba haɗi ko ɗaya. Abin da ya rage a tsawo a cike shi ta sama da baƙin yadi mai ƙarfi, santimita 30, a buga masa idon ƙarfe irin na bash kowane santimita 30, nan ƙugiyoyi za su kama. Wani baƙin yadin ya sauko ta gaba ya rufe rel ɗin da haɗin.

Kada a yi masa tattara irin ta labulen falo, shimfiɗe za a ɗinka shi. A ƙasa a yi aljihu, a zura siririyar sarƙa, a kama ta da zare nan da can kada ta taru wuri ɗaya. Aljihun ya tsaya santimita 4 ko 5 sama da bakin yadin, yadda sarƙar ba za ta ja ƙasa tana ƙara ba. A gefe biyu kalmasa mai faɗi da 'yan igiyoyi uku, sama, tsakiya, ƙasa. In an jawo shi a ɗaure su a jikin ginshiƙi, sai ya miƙe.

Ki je Babbar Kasuwa da cocila. Ki ɗaga yadin, wata ta tsaya bayansa, ki haska shi daga sama, sannan ki haska ta. Gani ya kori ji. Mai ƙyalli ki bar shi, mai fure ma haka. Launin toka ko baƙi ya fi ɓacewa in an haska baya, fari ya fi karɓar launin fitila amma yana barin hazo. Don mafarki ni hazon nake so, amma ke ce mai wasa.

Ki roƙi ɗan ƙyalle ki sa masa ashana a waje. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi. Na roba yana narkewa ya ɗiga, ya bar ƙwallo mai tauri, kuma yawancin shara-sharan kasuwa shi ne. In auduga kika samu, ana jiƙa ta a ruwan zafi da boraks kashi 7 da asid borik kashi 3, yana rage saurin kama wuta, amma wanki na fitar da shi. A na roba wannan ba ya aiki, rini na gida ma ba ya kama shi, sai ki sayi launin da kike so tun farko. Alojen mai wat 500 kada ya matso shi ƙasa da mita ɗaya, har da inda ake tattara shi a gefe. Mutane na kula da labule a buɗe su manta da shi a tattare.

Tsohon Mai Fitila, Tawa

Yaro ya yi gaskiya a lissafi. Mu tsakanin itace biyu ko ginshiƙan kankare munka saba ɗaurawa, kuma tsakaninsu bai kai mita 9 ba. A zauren haya da bangon bulo, bi ta rel ɗiyata. Amma wayata ba ta taɓa cijewa a haɗi ba, wannan ma a rubuta.

Uwar Wasa, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar taga ta sa na koma zauren da rana, na rufe ƙofa na tsaya: haske na shigowa ta ƙarƙashin kwano duk tsawon bangon baya, da dare kuma fitilar titi na nan daidai wurin. Za mu cusa buhunan siminti mu rufe da baƙin yadi.

Malam mai walda, ƙarafan bango zuwa bango suka ratsa. Ɗaya na bisa dandamali, mita 2.20 daga bangon baya. Ina ganin nan ne wurin, kakar ta samu mita ɗaya da ɗoriya tsakaninta da labule, a bayanta kuma akwai hanyar wucewa. Sai dai mai zauren ya ce ba huji, ba walda a ƙarfensa, ko ɗigo.

Naɗi na haƙura da shi. Launi kuma toka zan nema, fari zai yi mini kama da ɗakin amarya. Yarinyar da ke mafarkin ita za ta ja labulen da kanta lokacin da take shirin kwanciya, mai tallan goro ya kwashe shi in kasuwa ta buɗe.

Saura abu biyu. Akwai fanka uku a rufi, ɗaya kusan bisa bakin dandamali. A Disamba da dare za a iya kashe ta, amma muna so mu maimaita wasan a Afrilu, kun kuwa san Yamai a Afrilu, zafi na haura 40, ba mai zama a zauren kwano ba fanka. Na ga yadda iska ke wasa da yadi a filin cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda (CCOG) da ba rufi, ba na son kakar ta bayyana a bayan labule mai kaɗawa. Na biyu, in kuran ya ɗauke a tsakiyar mafarki fa?

Tsohon Mai Fitila, Tawa

Ta bisa dandamali kaɗai za a kashe, minti biyu kafin a jawo labule, a kunna in an kwashe shi. Ki sa yaro guda a kan makunnin, aikinsa ke nan. Biyun da ke kan 'yan kallo a rage musu gudu. In har yanzu shina numfashi, ki ajiye sandar ƙarfe siririya a gefe, guda biyu masu shiga juna, a zura a aljihun ƙasa bayan an jawo shi, a zare kafin a kwashe. Sai tela ya yi aljihun da ɗan faɗi ya bar bakinsa a buɗe.

Kuran kuwa, LED biyun da ke haska kakar ki ɗora su kan batir, su kaɗai. In wuta ta tahi gaba ya yi duhu, baya na nan, kakar ta ci gaba da maganarta. Abin da zai ɓata miki shi ne 'yan kallo su kunna fitilun salula su haska dandamali, don haka mai gabatarwa ya roƙe su tun farko.

Mai Walda, Katako

Ba huji ba walda, ba damuwa Yaya. Maƙala za mu yi: guntayen ƙarfe biyu, ɗaya bisa ƙarfen rufin ɗaya ƙarƙashi, ƙusa mai zare ta kowane gefe ta matse su, katakon ya rataya a na ƙasan. Guda 9 za a yi, a shagona zan huda su, can sai ɗauri kawai. Kowane baki na katakon a ƙara masa waya ta zagaya ƙarfen rufi, ko da maƙala ta saki. Ran da kuka gama a kwance, ba alama.

Ki auno mini faɗin ƙarfen da kaurinsa, ki ɗauko hotonsa ta ƙasa da ta gefe. Ki kuma auna daga ƙarfen zuwa dandamali a wuri uku, hagu, tsakiya, dama. Dandamalin siminti ba kasafai yake daidai ba, in akwai bambanci a tsawon ƙusoshin zan cike shi. Kada tela ya yanka yadi sai rel ya hau an sake awo.